Dabara da Sakamako a Fina-finan Joel da Ethan Coen

Kowane nau'in fim yana da alkawarin da yake ɗaukar wa mai kallo tun kafin a kashe fitila. Idan na kaboyi ne, an san cewa komai daɗewa jarumi da bos za su tsaya gaba da gaba, kuma mai gaskiya ne zai riga zaro bindiga. Idan na binciken laifi ne, za a warware ƙullin a gaban idon mai kallo. Idan na barkwanci ne, ko an faɗi za a tashi a kakkaɓe riga, babu wanda zai mutu da gaske. Joel Coen da ƙanensa Ethan sun yi fina-finai 18 tare, daga Blood Simple na 1984 zuwa The Ballad of Buster Scruggs na 2018, kuma a mafi yawansu suna ɗauko ɗaya daga cikin waɗannan nau'o'i, su bi ƙa'idojinsa da ƙwarewar da ta fi ta masu shi, sai an zo daidai gaɓar cika alkawari su janye hannu. Abin da ya haɗa fina-finansu na kaboyi da na alhini da na barkwanci mai ɗaci, a ganina, tambaya ce guda wadda ba su taɓa gajiya da ita ba: shin abin da ke samun mutum yana daidai da abin da ya aikata, kuma idan bai yi daidai ba, wa zai yi masa bayani?

An haifi Joel a 1954, Ethan kuma a 1957, sun tashi a St. Louis Park da ke gefen birnin Minneapolis na jihar Minnesota, a gidan Yahudawa 'yan boko, mahaifinsu malamin tattalin arziki a jami'a, mahaifiyarsu kuma masaniyar tarihin zane-zane. Joel ya karanci fim a Jami'ar New York, Ethan ya karanci falsafa a Princeton. Kafin The Ladykillers na 2004, sunan Joel ke fitowa a matsayin darakta, na Ethan a matsayin furodusa, amma wannan rabo na takarda ne kawai, domin tare suke rubutu, tare suke ba da umarni, tare suke haɗa hoto. Sunan da suke sawa a gurbin edita, Roderick Jaynes, na mutumin da babu shi ne a duniya, kuma sau biyu ana saka shi cikin jerin masu neman kyautar Oscar.

Mafi sauƙin hanyar shiga duniyarsu ita ce ta jakar kuɗi. A Fargo na 1996, Jerry Lundegaard, mai tallar motoci da bashi ya yi wa katutu, ya ɗauki hayar 'yan ta'adda biyu su yi garkuwa da matarsa, domin surukinsa attajiri ya biya kuɗin fansa. Ya ce wa 'yan ta'addan dala 80,000 za a karɓa a raba, ya ce wa surukin kuwa dala miliyan ɗaya ake nema. A takarda, dabarar ba ta da jini ko ɗigo. Amma Jerry bai saka ɗan sandan da zai tsayar da mota a kan hanya cikin lissafinsa ba, bai kuma saka taurin kan surukinsa ba, wanda ya rantse cewa tunda kuɗinsa ne shi zai kai su da hannunsa. Wurin da ya kamata a tsaya a duba shi ne abin da ya faru da kuɗin. Carl, ɗan ta'addan nan mai yawan surutu, ya buɗe jaka ya tarar da miliyan guda maimakon abin da aka faɗa masa, ya ciri 80,000, ya binne sauran cikin dusar ƙanƙara a gindin wani shinge, ya soka ɗan ƙaramin abin kankare gilashin mota a matsayin alama. Ya dubi dama ya dubi hagu, shingen ya miƙe iya ganin ido, kowace sanda irin 'yar'uwarta. Daga nan ya koma wurin abokin aikinsa, ya tsaya jayayya kan wanda zai biya rabin kuɗin motar da aka ba su, kuma wannan jayayya ce ta jawo aka sare shi da gatari. Mutumin da ya ɓoye dala 920,000 ya mutu a kan rabin kuɗin mota, kuɗin kuma sun zauna inda babu mai rai da ya san da su. Mai kallo yana dariya, amma dariyar da ake yi ana jin nauyinta a ƙirji.

A tsakiyar wannan ɓarna sai ga Marge Gunderson, shugabar 'yan sandan garin Brainerd, da cikinta na wata bakwai, tana bin sawun laifin cikin ladabi da natsuwa, tana tsayawa cin abinci duk inda yunwa ta kama ta. Frances McDormand ta samu Oscar da wannan rawa, 'yan'uwan kuma suka samu ta rubutun labari. Bayan ta kama mai laifin a bakin injin niƙa itace, tana tuƙi yana zaune a baya, sai ta lissafa mutanen da suka mutu, ta ce duk a kan 'yan kuɗi ƙalilan, sannan ta furta cewa ita ta kasa gane wannan abu. Wannan furuci yana da muhimmanci fiye da kamun da ta yi. Mutumin kirki a fim ɗin 'yan Coen yana iya gano wanda ya yi laifi, amma ba ya iya gano dalili, kuma ba a nuna hakan a matsayin wautarsa ba.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka suka sake ɗauko wannan ƙashin labari, suka kwashe shi daga ƙanƙara zuwa hamadar yammacin Texas, suka zare kusan dukkan raha daga cikinsa. No Country for Old Men na 2007, wanda aka ɗauko daga littafin Cormac McCarthy, ya ci Oscar huɗu, har da ta fim mafi kyau da ta darakta. Labarin yana faruwa ne a 1980, da motoci da otal-otal na gefen hanya, amma gininsa na kaboyi ne tsantsa: mafarauci mai suna Llewelyn Moss ya tsinci jaka mai kimanin dala miliyan biyu a wurin da masu safarar ƙwaya suka kashe juna, makashi mai suna Anton Chigurh yana binsa, tsohon Sherif Ed Tom Bell kuma yana bin su biyun. Abin lura na farko shi ne ba satar jakar ce ta fara tona asirin Moss ba, tausayi ne, domin da tsakar dare ya kasa barci ya koma kai wa wani mai rauni ruwan da ya roƙe shi da rana, a nan aka ga motarsa. A duniyar 'yan Coen alheri ba ya zama garkuwa, wani lokaci ma shi ne ƙofar da bala'i ke shigowa.

Fitowar da aka fi tunawa a fim ɗin ba ta da harbi ko ɗaya. Chigurh ya tsaya shan mai, mai shagon, dattijo marar laifi, ya yi masa tambayar nan ta neman hira game da yanayin garin da ya fito, saboda ya ga lambar motarsa. Chigurh ya juya kowace kalma ta dattijon ta zama tuhuma, yana tauna 'yan ƙwayoyin da ya saya, ya dunƙule ledar ya ajiye a kan kanta, kamara ta tsaya tana kallon ledar tana warware kanta a hankali. Sai ya jefa kwabo sama ya rufe da hannu, ya ce dattijo ya zaɓi fuska. Dattijon ya ce ai bai saka komai a caca ba. Aka amsa masa cewa tun da aka haife shi yake sakawa, bai sani ba ne. Kwabon na 1958 ne, in ji Chigurh, ya yi shekara 22 yana tafiya kafin ya iso nan. Dattijon ya dace, ya tsira, ba tare da ya san tabbas abin da ya tsallake ba.

Mai kallo Bahaushe zai ji ƙamshin zancen ƙaddara a nan, kuma ya dace a bambance. Wanda ya yi imani da ƙaddara yana karɓar abin da ya same shi ne, ba ya ɗaukar ta a matsayin lasisin cutar da wani. Chigurh kuwa yana fakewa da ita domin ya wanke hannunsa, yana nuna cewa shi ɗan aike ne kawai. Mutum ɗaya ce a fim ɗin ta ƙi yarda da wannan wasa, wato Carla Jean, matar Moss, wadda ta ƙi zaɓar fuskar kwabo, ta ce masa kwabo ba shi da ta cewa, shi ne mai yanke hukunci. Wannan ƙi bai cece ta ba, domin mun ga ya fito yana duba ƙasan takalminsa. Amma 'yan mintoci kaɗan bayan haka, yana tuƙi a natse fitilar hanya ta ba shi hannu, wata mota ta keta ta buge shi har ƙashin hannunsa ya fito waje. Wanda ya mai da kansa manzon ƙaddara ya zama abin da tsautsayi ya rutsa da shi kamar kowa.

Shi kuwa Moss, wanda muka bi fiye da awa guda muna jiran karonsa da Chigurh, ba a nuna mana mutuwarsa ba ko kaɗan. Sherif ya iso otal a El Paso ya tarar an gama, kuma ba ma Chigurh ne ya kashe shi ba. Masu kallo da yawa sun fusata da wannan, kuma fushinsu yana da hujja, tunda an karɓe musu abin da suka zo gani. Sai dai wannan karɓewa ita ce maganar fim ɗin, domin ta saka mu a matsayin Sherif Bell, wanda kullum yana zuwa bayan an watse, har ya ajiye aiki yana ganin zamani ne ya lalace. Wani tsohon ɗan'uwansa gurgu ya tuna masa yadda aka harbe wani kakansu a ƙofar gidansa tun farkon ƙarni na 20, ya nuna masa cewa ƙasar ba ta taɓa yin sauƙi ba, kuma tunanin cewa shi zai iya tare abin da ke tafe girman kai ne.

True Grit na 2010 ya fi kowanne kama da fim ɗin kaboyi na gargajiya, kuma a nan ne na fi ganin zuciyar 'yan'uwan a fili. Sun koma ga littafin Charles Portis na 1968 kai tsaye, ba ga fim ɗin 1969 da ya ba John Wayne Oscar ba, suka mayar da labarin bakin Mattie Ross, yarinya 'yar shekara 14 da ta zo Fort Smith neman wanda zai kamo mata Tom Chaney, makashin mahaifinta. Mattie mai lissafi ce ta gaske, kuma fitowar da ta tsare wani dillalin dawaki da ciniki, tana yi masa barazana da lauyanta har ta tatsi fiye da dala 300 daga hannunsa, tana cikin mafi daɗin abin da 'yan Coen suka taɓa shiryawa. Ita ta yarda cewa duniya kamar littafin bashin mai kanti take, duk abin da aka ci sai an biya, in ban da rahamar Ubangiji. Fim ɗin ya ba ta abin da ta nema, domin da hannunta ta harbe Chaney, amma ƙarfin bindigar ya tunkuɗa ta cikin rami mai macizai, aka sare ta, dokinta ya faɗi a guje da ita har aka harbe shi, hannunta ɗaya kuma ya salwanta. Lissafin nata ya tabbata, sai dai ba ta taɓa zaton sunanta yana cikin masu biya ba. Har ayar da aka buɗe fim ɗin da ita daga Littafin Misalai na Baibul, wadda ke cewa mugu yana gudu ba mai korarsa, an yanke rabinta na biyu da ke yabon jaruntar adali. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar a rukuni goma, bai ci ko ɗaya ba.

The Ballad of Buster Scruggs labarai shida ne gajeru, kowanne da irin mutuwarsa. Biyu sun fi tsayawa a rai. A ɗaya, wani mai yawon nishaɗantarwa yana ɗaukar saurayi marar hannu marar ƙafa gari-gari yana rera waƙoƙi da jawabai, har jama'a suka ragu, sai ubangidan ya ga wata kaza da ake cewa tana iya lissafi tana tara 'yan kallo, ya saye ta, ya tsaya a bakin wani kogi mai zurfi ya gwada jefa dutse; a fitowa ta gaba kaza ce kaɗai a bayan keken. A ɗayan, Alice, budurwar da ta samu mijin aure a ayarin masu ƙaura zuwa Oregon, ta harbe kanta bisa umarnin da jagoran ayarin ya ba ta domin kada a kama ta, alhali shi bai mutu ba, ya ma yi nasara. Ta mutu ne saboda ta yi biyayya ga shawara mai kyau. Amma a nan akwai aibin da bai kamata a rufe ba. 'Yan asalin ƙasar Amurka suna fitowa a wannan fim a matsayin mahara marasa suna marasa magana, daidai yadda tsofaffin fina-finan kaboyi suka saba nuna su. A True Grit an yi nuni da wannan zalunci cikin daƙiƙa kaɗan, inda aka bar fararen fata biyu suka yi jawabin bankwana a kan dandamalin rataya, na ukun kuwa, ɗan asalin ƙasa, yana buɗe baki aka rufe masa kai da buhu. Wato sun san matsalar sarai, amma ba su taɓa ba wannan mutum fim ɗin da zai ƙarasa maganarsa ba.

Tambayar da sauran fina-finan ke zagayawa, A Serious Man na 2009 ya yi ta da baki. Larry Gopnik malamin fiziks ne a Minnesota a 1967, cikin irin al'ummar da 'yan'uwan suka tashi. Matarsa tana son rabuwa da shi, ɗan'uwansa ya zame masa kaya, ana aika wasiƙun ɓatanci game da shi a wurin aiki, wani ɗalibi kuma ya bar masa ambulan na kuɗi domin a gyara masa maki. Abin da yake ta nanatawa shi ne bai yi komai ba. Ya nemi malaman addininsu uku. Ƙaramin ya ce masa ya sauya yadda yake kallon duniya, ya nuna masa filin ajiye motoci a matsayin abin al'ajabi. Na tsakiya ya ba shi dogon labarin wani likitan haƙori da ya ga rubutun Ibrananci na neman ceto a bayan haƙoran wani majinyaci, ya rasa barci yana neman ma'ana, daga baya kuma ya haƙura ya ci gaba da rayuwarsa, kuma iyakar labarin ke nan. Babban malamin bai ma yarda ya gan shi ba, aka ce yana cikin tunani. Kamannin da labarin Annabi Ayuba a bayyane yake, amma bambancin shi ne wurin da fim ɗin ya ciza. Ayuba ya yi haƙuri aka mayar masa da lafiya da iyali, kuma a ruwayar Baibul an yi masa magana daga cikin guguwa. Larry ya jure har lokacin da takardar kuɗin lauya ta iso, ya ɗauki fensir ya gyara makin ɗalibin, kuma a daidai wannan daƙiƙa likitansa ya bugo waya yana so ya gan shi nan take game da hoton ƙirjinsa, guguwa kuma tana tunkarar makarantar ɗansa, babu wata murya a cikinta. Ko hukunci ne ko katari, fim ɗin ya ƙare bai faɗa ba.

Fina-finansu na barkwanci wannan gini ne dai aka ƙara wa sauri. A Burn After Reading na 2008, ma'aikatan wani gidan motsa jiki sun tsinci faifan da suke zaton sirrin gwamnati ne, alhali tarkacen tarihin rayuwar wani tsohon jami'in hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ne, suka kai shi har ofishin jakadancin Rasha domin ɗayarsu tana neman kuɗin tiyatar gyaran jiki. Mutane suka mutu, a ƙarshe manyan jami'ai biyu suka zauna suna tambayar juna abin da suka koya, suka rasa, suka amince a biya kuɗin tiyatar a rufe fayil. The Big Lebowski na 1998 ma haka ne cikin sigar da ta fi taushi: garkuwar da ba a yi ba, jakar fansa da babu kuɗi a ciki, da mai binciken da burinsa kawai a biya shi dardumarsa.

Salon aikinsu yana hidima ga wannan manufa ne. Suna zana kowace fitowa a takarda kafin a fara ɗauka, 'yan wasa kuma suna faɗin kalmomin yadda aka rubuta su, har da in'ina da maimaici. Kunnensu ga karin harshe abin mamaki ne, daga ladabin mutanen Minnesota da ke lulluɓe mugunta, zuwa tsohon Turancin littafi da 'yan fashin True Grit ke yi, kuma kusan kullum mai yawan magana shi ne wanda ya fi kowa rashin sanin halin da yake ciki. Roger Deakins, wanda ya fara ɗaukar musu hoto tun Barton Fink na 1991, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes, yakan dasa kamara kusa da fuskar mai magana, a tsakanin mutanen biyu, ta yadda ba mu da wurin ɓuya daga kunyarsu ko tsoronsu, sannan ya ja baya ƙwarai ya nuna mutum kamar ɗigo a cikin fili. Carter Burwell ne ke yi musu kiɗa tun fim na farko, amma a No Country kusan babu kiɗa, sauti ne ke aikin. Moss yana zaune a duhun ɗakin otal da bindiga a cinya, ya buga waya zuwa teburin karɓar baƙi, muna jin ƙararrawar tana kaɗawa can ƙasa babu mai ɗauka, sai takun sawu, sai inuwar ƙafafu a ƙarƙashin ƙofa, sai ƙarar kwance ƙwan fitila, hasken ya ɗauke. Ba a gaya mana an kashe mai karɓar baƙin ba, mun ji da kunnenmu.

Tun daga Blood Simple, wanda fitacciyar mai sharhi Pauline Kael ta kushe, ana zarginsu da cewa suna ƙirƙirar mutane ne domin su yi musu dariya daga sama. Zargin yana kama wasu fina-finan, musamman The Ladykillers da wasu sassa na Burn After Reading, inda mutanen suka zama 'yan tsana. Amma ba ya kama Inside Llewyn Davis na 2013, labarin mawaƙi mai baiwa da baƙin hali a New York ta 1961, wanda ya karɓi dala 200 a hannu ya yafe haƙƙinsa a waƙar da ake hasashen za ta yi kasuwa, ya yi tafiya har Chicago ya rera waƙar da ta fito daga zuciyarsa a gaban mai gidan rawa, aka saurare shi har ƙarshe aka ce ba a ga kuɗi a ciki ba. Kamara ta bar shi ya rera mafi yawan waƙoƙinsa cikakku, kuma wanda yake raina mutum ba ya ba shi wannan dama. Ba a ce laifin Llewyn ne ba, ba a kuma ce na duniya ne ba. A daren da yake barin dandamali wani saurayi mai kama da Bob Dylan, wanda daga baya ya zama shahararren mawaƙi, ne ke hawa.

Bayan 2018 kowannensu ya yi aiki shi kaɗai. Joel ya fito da The Tragedy of Macbeth a 2021, fari da baƙi, mai tsauri, kusan babu raha, Ethan kuma ya yi Drive-Away Dolls a 2024 tare da matarsa Tricia Cooke, barkwanci mai rawar kai da wata jakar da ake bi. Da yawa sun yi saurin yanke cewa ashe Joel ne mai alhinin, Ethan mai ban dariyar. Ina shakkar wannan rabo, domin ɗaya ya ɗauki wasan Shakespeare ne ɗayan kuma ya rubuta da wata abokiyar aiki daban, don haka ba gwaji ne na adalci ba. Abin da na lura da shi dai shi ne a cikin fina-finan biyu mai kallo ya san tun farko ko dariya ake so ya yi ko jimami, abin da ba ya samun tabbacinsa a lokacin da Carl yake duban shingen nan ko lokacin da wayar Larry Gopnik ta yi ƙara.